Hoton Asibiti a Lokacin Jinyar Sankarar Mama: Wanne Ne Dole, Wanne Ne Ba Dole Ba

Ƙorafi iri biyu ake ji daga masu jinyar sankarar mama game da hoto. Wata ta ce an cika tura ta hoto, yau na ƙirji, gobe na zuciya, kuɗi na ta zurarewa, ga fargabar kada hasken na'urar ya jawo mata wata cutar. Wata kuma ta gama magani, tana ganin likita ya yi watsi da ita, tunda shekara guda ke nan bai rubuta mata komai ba sai mamogiram, wato hoton mama. Shawarata ga dukansu ɗaya ce. Duk lokacin da aka miƙo miki takardar hoto, 'yar'uwa, ki tambaya: "Likita, me ake nema da wannan, kuma idan an gani me zai canza a maganina?" Hoton da ke da amsar wannan tambaya ya cancanci kuɗinki da wahalarki.

Mu fara da tsoron haske, domin shi ya fi hana mata barci. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, da sauti yake aiki. MRI da maganaɗisu yake aiki. Duk biyun babu hasken da ke ratsa jiki a cikinsu. Masu shi su ne mamogiram, da hoton ƙirji, da CT, da hoton ƙashi da ake yi da allura. Ana auna wannan haske da ma'aunin milisibat, kuma kowane ɗan Adam yana shan kimanin 2 zuwa 3 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa taka asibiti ba. Mamogiram ɗaya kimanin 0.4 ne, wato abin da jiki ke sha da kansa cikin mako bakwai ko takwas. Hoton ƙirji kimanin 0.1. CT na ƙirji ya fi su nauyi, yana kai wajen 7, shi ya sa ba a yin sa don marmari. Amma ga mai sankara a jiki, haɗarin a yi mata magani a makance ya fi haɗarin wannan haske nesa ba kusa ba. Abu guda da ba a ɓoyewa shi ne ciki. In kina da shi, ko al'ada ta yi jinkiri kina zargi, ki faɗa kafin ki hau na'ura.

Hoton zuciya shi ya fi ɗaure wa mata kai: ciwo a mama, me ya kawo zuciya? Dalilin yana cikin maganin. Doxorubicin, jan ruwan nan da ake sa wa a jijiya lokacin kemo, da trastuzumab da ake ba masu nau'in HER2, suna iya rage ƙarfin bugun zuciya. Don haka ake yin eko, wato sikanin zuciya, kafin a fara, a san inda zuciyar take, sannan ga mai shan trastuzumab a riƙa maimaitawa kusan duk wata uku. Rauni yakan bayyana a hoto tun kafin ki ji haki ko ki ga ƙafa ta kumbura, kuma idan an dakatar da trastuzumab da wuri zuciya takan farfaɗo. Idan aljihu ya matse har sai an zaɓi abin da za a jinkirta, kada ki yanke hukuncin tsallake wannan ke kaɗai. Ki faɗa wa likita halin da kike ciki, ba abin kunya ba ne, ku tsara tare.

Masu shan letrozole ko anastrozole akan auna musu ƙarfin ƙashi, saboda magungunan suna sa ƙashi ya yi laushi. Mai shan tamoxifen ba ta bukatar sikanin mahaifa a kai a kai, sai dai in ta ga jinin da ba ta saba gani ba, to wannan ba a jira da shi.

Sai shiri, wanda yawanci ba a samun mai bayyana shi a natse. Ranar mamogiram kada ki shafa hoda, ko turaren hammata, ko mai a ƙirji, domin burbushinsu kan fito a hoto kamar alamar cuta. Matsewar da na'urar ke yi wa mama tana da zafi, amma daƙiƙu kaɗan ce. In an sa miki ruwan allura a CT, za ki ji ɗumi ya ratsa ki, har ki ɗauka fitsari ya kufce miki. Bai kufce ba, kuma jin yana wucewa nan take. Kafin nan ki sanar da su in kina da ciwon ƙoda, ko kina shan metformin na ciwon sukari, ko wata allurar hoto ta taɓa tayar miki da ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi. In an cire miki kaluluwar hammata, ki miƙa ɗaya hannun don allura. Hoton ƙashi yana cin yini: a yi allura, ki jira awa 2 zuwa 4 kina shan ruwa, sannan a ɗauka. MRI kuwa ƙara gare shi, kuma na mama a kife ake kwanciya fiye da rabin awa. Ki cire ɗan kunne, da sarƙa, da fil ɗin mayafi, ki kuma faɗa in akwai ƙarfe a jikinki daga wata tiyata. Mai tsoron matsattsen wuri ta yi magana tun ranar karɓar lokaci. Kina da damar neman mace ta ɗauke ki hoton, ko wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin.

Yanzu ga wadda ta gama magani tana ganin an yi watsi da ita. A 1994 an wallafa sakamakon manyan bincike biyu daga Italiya, kowanne da mata sama da 1,200 da aka yi wa maganin sankarar da ba ta bazu ba. Rabi aka riƙa yi musu hoton ƙirji da na ƙashi a kai a kai, rabi kuma duba likita da mamogiram kawai. Yawan hoton bai ƙara wa kowa tsawon rai ba. Abin da yawan hoto ke yawan tonowa shi ne ɗan tabo a huhu ko hanta wanda ba komai ba ne, sai a shiga wani hoton, da tsaga, da makonnin zullumi. Shi ya sa ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce ganin likita a lokacin da aka tsara, da mamogiram sau ɗaya a shekara. In ƙullutun kawai aka cire, mamogiram na farko yakan zo wata 6 zuwa 12 bayan gama gashi, wato maganin haske. In an cire mama ɗaya gaba ɗaya, ɗayar ake dubawa. Wadda cutarta ta riga ta bazu lissafinta daban ne, ita akan yi mata hoto duk 'yan watanni don a ga ko maganin yana ci.

Ƙa'idar mamogiram sau ɗaya a shekara ta mai jin lafiya ce. Ciwon baya ko na ƙugu da ya ƙi tafiya, musamman mai tayar da ke da dare, tarin da ya daɗe, haki, ciwon kai sabo mai naci, idon da ya yi rawaya, rama ba dalili, ko sabon ƙullutu a tabon aiki ko a hammata: kowanne dalili ne na komawa asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.

Ki tanadi jaka guda ta hotuna. Da yawa ana yi musu tiyata a garinsu, sannan a tura su Shika ko Sakkwato ko Abuja ko Yamai don gashi, kuma likitan can yana bukatar hoton kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba, don ya gwada na da da na yanzu. Ki karɓi fim ko faifan kowane hoto, ki ɗauki takardar a waya, ki tura wa wani amintacce a gida. Kafin ki bar ɗakin hoto ki tambayi ranar fitowar sakamako da wanda zai karanta miki shi. In takardar ta riga likita zuwa hannunki, kada ki bi kalmominta ɗaya bayan ɗaya a intanet da tsakar dare. Ki rubuta waɗanda suka tsorata ki, ki tafi da su ranar ganin likita tare da wanda zai taya ki sauraro.