Mai Sabuwar Sana'a

Kowace shekara bayan girbi mukan ga mutane sun sayar da amfanin gona sun kafa sana'a. Wani ya buɗe tebur, wani ya sayi keken ɗinki, wani injin niƙa. Kafin wata kakar ta zagayo, da yawa sun rufe. Me ya sa?

Babban abin da ke kashe sabuwar sana'a shi ne cin uwar kuɗi. A ce mai tebur ya saro sabulu na naira 20,000, ya biya kuɗin mota 1,000, ya sayar duka a kan 24,000. Nawa ne nasa? 3,000 kaɗai. Saura na sana'a ne. Amma kuɗin duka a aljihu ɗaya suke. Yau cefane, gobe suna, jibi maganin yaro. Ran da zai koma sari, sai ya ga 15,000 ke hannunsa. Ba wanda ya yi masa sata.

Sai bashi, kuma wannan ya fi wuya. Kawu ya zo ya ce, "Ɗana, ba ni sukari, ran kasuwa na biya." In muka hana, a ce mun yi rowa. In muka yi ta bayarwa, tebur ya zama fanko. Ba mu ce a hana kowa ba, gama zumunci ba abin wasa ba ne. Amma mu yanke tun farko iyakar abin da za mu iya bayarwa, mu rubuta suna da rana da kuɗi.

In mun haɗa jari da aboki, mu rubuta rabon kowa a gaban shaidu tun ana dariya.

Akwai kuma ranar da kasuwa takan juya. Mu dubi Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877. Da fataucin goro ya fara. A zamanin nan fatake sukan yi watanni a hanyar Gwanja, da jakuna da 'yan alaro. Shi kuwa ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Ankara, babban birnin Gana na yanzu, zuwa Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka zo neman gyaɗa. Ya duba, ya ga inda kasuwa ta dosa, ya shiga sayen gyaɗa. Amma ku lura, bai yar da goron da ya sani ba. Da aka buɗe banki a Kano a 1929, raƙuma 20 suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Ya rasu a 1955.

Mu ba mu da raƙuma 20. Amma in mun ji wani kaya yana tafiya, kada mu zuba jarinmu duka a kai don maƙwabci ya ci riba. Mu saro kaɗan mu gwada kasuwa biyu ko uku tukuna.

Aiki: Kowa ya ja layi biyu a littafinsa, shafi ya rabu uku. A sama ya rubuta: Abin da ya shigo, Abin da ya fita, Bashi. A cika shi har kwana 7, a kawo wa malam ya duba.