Shawarwari Takwas Ga Magidanta Kan Cin Moriyar Ma'aikatan Lafiya Na Unguwa

A unguwannin Kano masu cunkoso, irin su Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi da Unguwa Uku, gidaje da yawa ba sa tuna asibiti sai ciwo ya kayar da mutum. Kafin nan an sha na kemis, an sha jiƙo, an ci bashi. Alhali kuwa akwai waɗanda aikinsu ke nan su tari ciwo tun bai yi ƙarfi ba: malaman asibitin sha-ka-tafi, da matan da ke bi gida-gida da sallama. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya, jihar Nasarawa, don a tattara irin waɗannan masu shiga gidaje ƙarƙashin tsari ɗaya. Galibin abin da suke kawowa kyauta ne, amma sai gidan da ya san su yake amfana.

1. Ku san asibitin mazaɓarku tun kuna lafiya.
Jihar Kano na da mazaɓu 484, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta samu ƙaramin asibiti guda mai aiki. Maigida ya taka da ƙafarsa ya tambaya: wace rana ake rigakafi, wace rana ake awo, ana karɓar haihuwa da dare ko ba a karɓa? Ya karɓi lambar wayar ma'aikaci ɗaya, a rubuta a bangon ɗaki inda uwargida za ta gani. Ba kowane zazzaɓi ne yake buƙatar layin Asibitin Murtala ba. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, su za su rubuta takardar turawa babban asibiti.

2. Maigida ya bar izini kafin ya fita.
Sau da yawa ma'aikaciya takan yi sallama, matar gida ta ce, "Maigidan ba ya nan, bai kuma ce a ba su ba." Shi ke nan, yara sun rasa. Malam, ka faɗa wa iyalinka tun yau cewa ka yarda a karɓi masu rigakafi, ka kuma yarda a fita da yaro asibiti idan jikinsa ya rikice ko kana kasuwa. In kuna da shakka, ku tambayi ma'aikaciyar katin shaidarta, ko ku tuntuɓi mai unguwa, domin da saninsa ake shiga gidaje. Tambaya haƙƙinku ce: wane magani ne, na mene ne, me zai iya biyo baya? Da irin wannan bi gida-gida aka kai ga 2020, shekarar da aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna.

3. Ku adana katin rigakafi, ku cika zuwa.
Ɗigon baki na shan inna da ake yi a ƙofar gida bai ɗauke wa yaro allurar asibiti ba. Ana fara ta da haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sannan wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata 15 kuma a maimaita ta ƙyanda. Allurar da ake yi a cinya sau uku tana kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ya ci yara da yawa, galibinsu waɗanda ba a yi wa allurar ba ko ba a cika musu ba. Ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan allura ba abin tsoro ba ne. In rana ta wuce ku, ku koma a ɗora daga inda aka tsaya. Katin kuwa a sa shi a leda, a ajiye inda ruwa da ɓera ba za su taɓa shi ba.

4. Maganin damina na kwana uku ne, ba na kwana ɗaya ba.
Daga wajen Yuli zuwa Oktoba, masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suna zagayowa sau ɗaya kowane wata, don yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. A katin maganin akwai ƙwaya fara guda da rawaya uku. Ranar farko ana ba yaro fara da rawaya ɗaya a gaban mai rabo. Biyun da suka rage uwa ce za ta ba shi, ɗaya washegari, ɗaya ranar da ta biyo baya. A nan ake yawan kuskure: wata ta manta, wata ta ajiye sai ranar da yaro ya yi zazzaɓi, wata ta raba wa yayansa. Duk wannan yana karya ƙarfin kariyar. Yaron da ke da zazzaɓi a ranar rabo, gwaji yake buƙata a asibiti. Gidan sauro kuma yana nan a matsayinsa.

5. Ki koyi awon dantse da kanki.
Ma'aikaciya tana ɗauke da ɗan tsirin awo mai launi uku da ake zagaya wa tsakiyar dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya lau. Rawaya gargaɗi ne, a ƙara kula da abinci. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a tafi asibiti ranar. Haka nan in kin danna saman ƙafafunsa biyu da yatsa, gurbin ya zauna bai cike ba. Abincin gyaɗar nan na leda da ake ba mai tamowa magani ne, an lissafa shi daidai da nauyin yaron. Kada a raba da sauran yara, kada a sayar. Tamowa ba abin kunya ba ce, kuma tana warkewa.

6. Mai ciki ta fara awo da wuri.
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. A wajen awo ake gano hawan jini da ƙarancin jini, a ba da maganin ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓi. Tun ciki na wata bakwai a tsayar da magana: ina za a haihu, wane mai adaidaita sahu ne zai amsa waya da tsakar dare, wa zai ba da jini in an buƙata? Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, jijjiga, ko naƙudar da ta daɗe, babu ɗaya da ake jira gari ya waye a kansa. Ungozoma ta gari ita ce ke cewa a tafi, ta kuma raka.

7. Ku san abin da ake yi a gida da abin da ba a yi.
Yaro mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, a haɗa da tsaftataccen ruwa yadda aka rubuta, a zubar da ragowar bayan kwana ɗaya, a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, nono kuma kada a daina. Amma yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko numfashinsa ke sama-sama haƙarƙari na lotsawa, ko yake taune-taune, wannan na asibiti ne nan take. Babba mai tarin da ya kai mako biyu ya je a gwada majinarsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa na wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware.

8. Ku nemi tallafin da aka ware, ku kuma tara naku.
Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman don kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa na biya wa marasa ƙarfi ne ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Guraben ba sa isar kowa, don haka ku tambayi shugaban asibitinku ko kwamitin ci gaban mazaɓa yaushe ake rajista, ku tanadi lambar NIN. Wannan kwamiti shi ne kuma wurin kai kuka in babu magani, ko an nemi kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne. Yarinyar da aka ci wa zarafi a gaggauta kai ta cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala, kada a ɓoye. Mai fama da taɓin hankali ko shaye-shaye akwai asibitin Dawanau, ɗaure shi a ɗaki ba magani ba ne. Matan layi ɗaya kuma su ware adashe na rashin lafiya kaɗai, wanda ba a taɓa shi don biki.

Da yawa daga matan nan da ke yawo cikin rana 'yan unguwarku ne, alawus ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ku amsa musu sallama da fara'a, ku faɗa musu gaskiyar yawan yaran gida, ku nuna musu gidan da aka yi sabuwar haihuwa da wanda tsoho yake kwance babu mai duba shi. Iyakar abin da aka nuna musu, iyakar abin da za su iya taimakawa a kai ke nan. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.