Docker: Yadda Za Ka Gina Imej Ka Ɗauke Shi a Filash

'Yan'uwa ɗaliban kimiyyar kwamfuta, darasinmu na wannan fitowar a kan Docker ne, manhajar da kamfanin dotCloud ya fitar a 2013. Aikinta shi ne ta ƙunshe manhajarka da duk abin da take buƙata a ƙunshi ɗaya mai suna imej. In aka tayar da imej yana aiki, sunansa kwantena. Yawancin darussan intanet sun ɗauka kana da sabis dare da rana. Mu kuwa a Zamfara mun san ba haka ba ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Ko yau ma, wanda ya tafi hutu Ruwan Bore ko wani ƙauye a Tsafe ko Bungudu ya san yadda ake neman sabis. Saboda haka dabarar ita ce: gina sau ɗaya inda akwai intanet, sannan ka ɗauko a filash.

Ginawa

docker build -t furojet:1.0 .

Zaɓin -t ne ke raɗa wa imej suna da lamba. Ɗigon nan na ƙarshe kada ka manta da shi, domin shi ke nuna folda da za a yi ginin daga cikinta. Duk abin da ba ka so ya shiga, kamar node_modules ko .git, rubuta shi a fayil ɗin .dockerignore. In fayil ɗin umarninka ba Dockerfile ne sunansa ba, nuna shi da -f.

Zaɓin --target na masu raba gini hawa-hawa ne: hawa ɗaya na haɗa manhaja, ɗaya na gudanar da ita. Da shi kake cewa a tsaya a hawa kaza. Wannan rabo na rage nauyi ƙwarai, haka ma zaɓen tushe. Cikakken imej na python ya kusa gigabayit ɗaya, alpine kuwa bai kai megabayit 10 ba. Mai sayen data da kuɗin abinci ya san bambancin.

Zaɓin --no-cache na sa a yi watsi da abin da aka gina a baya a fara daga farko. To, a yi hattara, don zai sake gudanar da kowane mataki na ginin, har da masu sauke kaya daga intanet, datarka ce za ta ji a jikinta.

Zaɓin --build-arg na miƙa bayani lokacin gini, amma kada ka kuskura ka sa kalmar sirri a ciki, domin umarnin docker history na iya tona ta. Abin sirri da --secret ake miƙa shi.

Sai --platform. Kwamfutocin ɗakin gwajinmu galibi linux/amd64 ne, sababbin MacBook da Raspberry Pi kuma arm64. In ka gina a ɗaya ka kai ɗayan, kana iya cin karo da saƙon "exec format error". Maganinsa:

docker build --platform linux/amd64 -t furojet:1.0 .

Fitarwa

Nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗewa, don umarni biyu ne masu kama da juna: save da export.

docker save -o furojet.tar furojet:1.0
docker load -i furojet.tar

Na farko yana zuba imej cikin fayil guda, da sunansa da hawa-hawansa da umarnin da ke tayar da shi. Na biyu yana sauke shi a ɗaya kwamfutar ba tare da intanet ba. Yi amfani da suna, ba lambar shaida ba, in ba haka ba imej zai isa can ba suna. Kana iya haɗa biyu a fayil ɗaya, misali manhajarka da mysql, ka jera sunayensu a jere. Don rage girma kuma:

docker save furojet:1.0 | gzip > furojet.tar.gz

Shi load yana karanta matsattsen fayil kai tsaye.

Shi kuwa docker export a kan kwantena yake aiki, ba imej ba. Fayilolin ciki kawai yake kwashewa. Abokinsa shi ne docker import, kuma in ka dawo da shi za ka tarar babu CMD, babu ENV, babu tarihi. Kwantena ta ƙi tashi, kai kuma kana tsaye gaban malamai ranar kare furojet. Ka riƙe wannan: save da load ma'aurata ne, export da import ma haka, kada ka haɗa miji da matar wani.

Akwai hanya ta uku. Tun daga Docker 23.0 na 2023, BuildKit ne injin gini na asali, kuma yana da zaɓin --output:

docker build --output type=local,dest=fita .

Wannan ba imej yake ajiyewa ba, fayilolin da aka gina yake zubawa a folda mai suna fita. Yana da amfani in abin da kake so shi ne manhajar da aka haɗa kawai.

Abubuwan lura

Filash mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabayit 4, sai ka mayar da shi exFAT. Bayanan da ke cikin volume, kamar rumbun bayanan furojet ɗinka, ba sa bin save ko export, sai ka kwafe su daban. Sannan ita kanta Docker dole a riga an girka ta a kwamfutar da za ka kai wa.

Aikin gida: gina ƙaramin imej, ka fitar da shi da save, ka ba abokinka a filash. Ya kashe data da Wi-Fi, ya yi load, ya tayar da shi. In ya tashi, aikinka ya tsaya da ƙafarsa. Gwada wannan tun saura mako biyu a kare furojet, ba daren jajiberi ba. Allah Ya ba mu sa'a, amin.