Yadda Ake Gano Tushen Yoyon Rufi a Shaguna da Ɗakunan Ajiya

Da zarar damina ta kankama, babu abin da ke hana ɗan kasuwa barci kamar ƙarar ɗigar ruwa a cikin sito. Mai atamfa a Kantin Kwari, da mai sukari da fulawa a kasuwar Singa, da mai hatsi a Dawanau, duk sun san cewa dare ɗaya ya isa ya cinye ribar shekara. Siminti in ya sha laima ya daskare, sukari ya narke, yadi ya yi tabo, masara da gyaɗa kuwa su yi funfuna mai ɗauke da dafin da ke sa masu sayen kaya zuwa ƙasashen waje su ƙi karɓa.

Abin da aka saba yi shi ne a kira kafinta, a nuna masa inda ruwa ke ɗiga a silin, ya hau ya shafa kwalta daidai wurin, a biya shi ya tafi. Bayan mako guda a sake yin ruwa, yoyo ya dawo. Dalili kuwa shi ne ba kasafai ruwa ke ɗiga daidai inda ya shiga ba. Yakan shiga ta wata kafa can sama, ya bi bayan kwano ko jikin katako ya gangara, wani lokaci tsawon mita da yawa, sai ya tarar da kan ƙusa ko mahaɗar silin sannan ya faɗo. Hausawa na cewa a bar duban inda aka faɗi, a dubi inda aka yi tuntuɓe.

Yana da kyau mai karatu ya san yawan ruwan da rufinsa ke ɗauka. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ke nan. Saboda haka sito mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, idan aka yi ruwa na milimita 50 cikin dare, ya karɓi lita 10,000, wato cikin duro 50. Irin wannan ruwa ba baƙo ba ne a Kano cikin Agusta, balle a Legas ko Fatakwal cikin Yuni da Yuli. Ƴar kafar da ba ta kai ƙwayar gero ba, in tana kan hanyar wannan ruwa, ta isa ta jiƙa buhuna.

Kafin a hau rufi, sai a fara tabbatar da cewa ruwan sama ne ke shigowa. A lura da lokacin da ɗigar ke zuwa. In tana ɗiga har da rani, ko ranar da babu hadari, to a duba tankin ruwa da bututunsa, ko bututun da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki. In da asuba kawai take zuwa, kuma ta bazu ko'ina a ƙarƙashin kwano, wannan gumi ne, ana yawan ganinsa a garuruwan kudu da wuraren ajiyar kifi da kayan sanyi, maganinsa kuwa mashigar iska ce, kwalta ba ta yi masa komai. In yoyon ba ya zuwa sai an yi ruwa da iska daga gefe guda, to a zargi bango ko mahaɗar kwano ta wannan gefen. In kuma sai ruwa ya yi ƙarfi ƙwarai yake zuwa, galibi indararo ne ya cika ya tumbatsa zuwa ciki. Ɗan kasuwa mai hankali yakan zana da'ira da alli a wurin tabon, ya rubuta kwanan wata da yanayin ruwan. Wannan ɗan rubutu ya fi dogon bayani amfani ga mai gyara.

Daga nan sai a shiga cikin silin da tocila, da rana. A fara daga tabon, a bi sawun ruwa zuwa sama: baƙin layi a jikin katako, tsatsa a kan ƙusa, ƙura da ta daskare. Sannan a kashe tocila a duba inda haske ke shigowa. Inda sawun ya ƙare, nan ne abin zargi, sai a auna nisansa daga bango biyu domin a same shi daga waje. A kashe wutar lantarki kafin a shiga, domin waya mai jiƙe ba ta gargaɗi.

A rufin kwano, tsakiyar falle ba ta cika hujewa ba sai in ya tsufa ƙwarai. Matsalar tana mahaɗai. Ta farko ita ce ƙusa. Kwano na miƙewa da zafin rana, ya tsuke da dare. Fallen alminiyon mai tsawon mita 10, in zafinsa ya sauya da digiri 40, yakan motsa kusan santimita guda, na ƙarfe kuwa kimanin rabin haka. Wannan kai-komo na kullum shi ke faɗaɗa ramin ƙusa, ya ɗago ta, rana kuma ta busar da robar da ke ƙarƙashin kanta. Ƙusar da aka buga cikin kwarin kwano maimakon kan tudunsa ta zama ƙofar ruwa tun ranar farko. Ta biyu ita ce inda falle ya hau kan falle. An saba barin aƙalla santimita 15, amma wasu masu aiki kan rage domin kwano ya isa, mai gini kuma ya yi murna an yi masa arha. In rufin ba shi da gangare sosai, ruwa kan tsotsu ya koma sama ta tsakanin fallayen biyu, iska ta ƙarasa tura shi.

Wuri mafi wuyar sha'ani shi ne rufin da aka ɓoye bayan rawanin gini, salon da ya mamaye sababbin rukunin shaguna daga Abuja zuwa Kaduna. Gini ya yi kyau daga titi, amma duk ruwan rufin na taruwa a kwata guda a bayan bango, inda babu mai gani. Ƙurar hunturu da leda da ganye su toshe mafitar, ruwan farko ya taru ya rasa hanya, ya bi ta ƙarƙashin kwano zuwa shagon wani. Sau da yawa wanda kayansa suka jiƙe yana nesa da inda toshiyar take, abin da kan jawo rigima tsakanin maƙwabta a layi. Haka nan duk inda aka huda rufi daga baya, domin girka farantin hasken rana, ko tanki, ko allon talla, ya cancanci a duba shi kafin ko'ina.

In ido ya kasa, sai a gwada da tiyo a ranar da babu ruwa. Mutum biyu ake bukata, ɗaya a sama ɗaya a ciki, da waya a hannu. A fara zuba ruwa daga ƙasan rufi, a dakata a wuri guda kamar minti 10 zuwa 15, sannan a matsa sama kaɗan. Wanda ya fara daga ƙoƙuwa ya jiƙa ko'ina, ba zai san ta inda ruwan ya shiga ba. Aikin na cin lokaci, kuma ma'aikata ba sa son sa, amma kuɗin yini guda bai kai na gyara uku marasa amfani ba. A taka kan layin ƙusa, inda katako yake. Tsohon rufin asbesto kuwa kada a taka shi ko a fasa shi, domin yana karyewa ba zato, ƙurarsa kuma na cutar da huhu.

Rufin kankare nasa daban ne. Ruwa kan shiga ta tsaga, ko ta gindin rawani, ya yi tafiya a ƙarƙashin shimfiɗar kwalta, ya ɓullo kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa ya ɗauke. A duba inda ruwa ke kwanciya, da inda shimfiɗar ta kumbura ko ta ɓanɓaro. Masana kan toshe mafita su tara ruwa kamar santimita 5 na yini ɗaya ko biyu, sashe bayan sashe. Wannan nauyin kilo 50 ne a kan kowane murabba'in mita, don haka kada a yi sai da izinin injiniya, musamman in an ga rodi ya yi tsatsa yana fasa kankare daga ƙasa. Akwai kuma kyamarar da ke gane zafi, wadda ake haska rufi da ita bayan faɗuwar rana, domin wurin da ya sha ruwa ya fi daɗewa bai huce ba.

Saura batun wanda zai biya. Inshorar gobara da sauran haɗura kan ɗauki ɓarnar guguwar da ta yaye rufi, amma galibi ba ta ɗaukar yoyon da tsufa ko rashin kula ya jawo. Gano tushen yoyon ne zai nuna ɓangaren da asarar ta faɗa, saboda haka a ɗauki hoton wurin da na kayan kafin a taɓa komai. Mai haya ya duba takardar yarjejeniyarsa, ya sanar da mai gini a rubuce, ya ajiye kwafi. Kafin a yi gyara, a ɗora kaya a kan katako, a janye su daga bango kamar taku biyu. A arewa watan Afrilu ne lokacin hawa rufi a share kwata, a kudu kuwa tun Fabrairu.