Darasin Juma'a: Sojan da ciwo ya kashe a Burma da haƙƙinsa a kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa da kashewa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jama'a, ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Najeriya. Da can a 11 ga Nuwamba ake yi, sai aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Gwamna da manyan sojoji za su ajiye furanni, a busa begila, a watse. Mu kuma a nan Ɗan Iya muna da tambayar da wani ɗan'uwa cikin masu sallah tare da mu ya kawo wa kwamitin masallaci, kuma ya yarda mu ɗora darasin yau a kanta ba tare da ambaton sunan gidansu ba.

Kakansa manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. An ɗauke shi soja yana saurayi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, ya bar amarya da jariri a goye. Harsashi bai taɓa shi ba. Atuni ne ya kama shi a daji, aka kwashe shi zuwa asibitin soja, can ya cika. Labarin bai iso gida ba sai 1946, a bakin wani abokin tafiyarsa da ya dawo. Tun daga nan gidan ba sa son zancen. Wasu na cewa yaƙin Nasara ya je, wasu na cewa ai ko yaƙin ma bai yi ba, ciwon ciki ya kashe shi. Tambayar jikan ita ce: mutumin da ya mutu haka, mene ne matsayinsa, kuma me ya rage mu yi masa?

Yadda aka je Burma

Kafin hukunci sai an san yadda abin ya faru. A 1943 Ingila ta kafa manyan rundunoni biyu daga sojojinta na Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, don su yaƙi Japan a Burma, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Kimanin mutum 90,000 aka kai daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, fiye da rabinsu 'yan Najeriya ne, kuma 'yan Arewa suna da yawa ƙwarai a ciki. Wani ya shiga da kansa don albashi, wani kuwa dagaci ne ya miƙa sunansa saboda an ɗora wa hakimi adadin da zai kawo. Daga ƙauye sai bariki, sai jirgin ƙasa zuwa Legas, sai jirgin ruwa har Indiya, wasu ta kewayen Afirka ta Kudu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma sun san irin wannan, don Faransa ta ɗebi nasu samarin zuwa nata fagen.

A Burma an tura su kwarin Kaladan da yankin Arakan, daji mai duhu da duwatsu inda mota ba ta shiga. Dubbai daga cikinsu aikinsu dako ne: harsasai da abinci da kayan asibiti duk a ka suke ɗauka, jirgin sama kuma yana jefo musu guzuri da lema. A Janairun 1945 suka ƙwace garin Myohaung. Shi ya sa har gobe za ku ji barikin Myohaung da na Arakan da na Dodan a Legas, da Letmauk a Ibadan, da Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya. Duk sunaye ne da aka ɗauko daga wancan yaƙi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ciwo ya fi bindiga ɓarna. Janar Slim, babban kwamandan wannan fage, ya rubuta cewa a 1943 duk sojan da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro, atuni, da wani mugun zazzaɓi da ƙananan ƙwarin ciyawa ke sa wa mutum, ga matsattsaku, ga ruwan damina na watanni ba ƙaƙƙautawa. Saboda haka wanda ciwo ya kayar a can ba rago ba ne. Abin da ya fi kayar da maza ne ya kayar da shi.

Mutuwar ciwo a tafiya ba abin kunya ba ce

Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta koya mana cewa babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Wannan manomi bai taɓa jin sunan Burma ba kafin a sa shi a jirgi, amma can aka rubuta masa ƙasarsa.

Manyan sahabbai ma ciwo ya ɗauke su a bakin daga. Abu Ubaida ɗan Jarrah, kwamandan Musulmi a Sham, annobar Amwas ce ta kashe shi a shekara ta 18 bayan Hijira, haka Mu'azu ɗan Jabal. Abu Ayyub Al-Ansari, wanda ya sauki Annabi (SAW) a gidansa a Madina, ya yi rashin lafiya ne a tafiyar yaƙi zuwa birnin Rumawa, aka binne shi kusa da ganuwar birnin. Kabarinsa yana Istanbul har yau. Ba muna daidaita yaƙin Turawa da nasu ba ne, a'a. Abin da muke nunawa shi ne mutuwa a kan shimfiɗar jinya ba ta rage darajar namiji.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya lissafa mutum biyar cikin shahidai: wanda annoba ta kashe, da wanda ciwon ciki ya kashe, da wanda ya nutse a ruwa, da wanda gini ya faɗo wa, da wanda aka kashe a tafarkin Allah. Malamai sun raba su. Na fagen jihadi ba a yi masa wanka. Sauran kuwa ana kiransu shahidan lahira: a yi musu wanka, a yi musu sallah kamar kowa, ladan yana wurin Allah. To kun ga, ciwon da gidan ke ɓoyewa don kunya, shi ne ma ƙofar da ake kyautata masa zato ta cikinta.

Sai dai a kiyaye. Ba mu yanke wa wani mutum takamaimai cewa shahidi ne, wannan na Allah ne. Muna fata ne kawai. Haka kuma ba mu da hurumin rufe masa ƙofar rahama don kakin da ya sa. Ya mutu Musulmi, yana sallah, an ɗauke shi a zamanin da talaka ba ya iya ce wa dagaci a'a. Niyyarsa da uzurinsa Allah ne Ya san su. Addu'a a gare shi halal ce, kuma haƙƙi ce a kan zuriyarsa.

Me ya rage a yi masa?

Wasu sun tambaya ko za a yi masa sallar ga'ibi. Ya tabbata Annabi (SAW) ya sallaci Najjashi sarkin Habasha daga Madina ranar da ya rasu. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ɗauki wannan hujjar yin ta, Malikiyya kuwa, mazhabar da aka fi bi a ƙasarmu, suna ganin wannan ya keɓanta da Annabi. Ga shi kuma kimanin shekara tamanin ta wuce. Don haka ba nan za mu sa ƙarfinmu ba, akwai abubuwan da babu saɓani a kansu.

Na farko addu'a. Muslim ya ruwaito cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Jika ma ɗa ne. Amma yaya za ka yi wa mutum addu'a alhali an daina kiran sunansa a gida? A faɗa wa yara sunansa da na mahaifinsa da na ƙauyensu.

Na biyu sadaka. Mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ba ya gari, ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa za ta amfane ta, sai ya ba da gonarsa. Ba sai mai gona ba. Buta goma a masallaci, gyaran famfo, kuɗin maganin wani majinyaci a asibiti, duk sadaka ce. Wanda ciwo ya kashe a nesa da kowa nasa, me ya fi dacewa da shi irin a taimaki baƙon da ke kwance babu mai jinya?

Na uku neman inda yake. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da rajistar sunaye da ake dubawa a intanet kyauta. Akwai 'yan Afirka ta Yamma a maƙabartun Chittagong da Maynamati a Bangaladash ta yau, wuraren da asibitocin soja suke a lokacin. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Mai nema ya sani cewa Turawa sukan rubuta mutum da sunansa da na garinsu ne, wane Kano, wane Katsina, wane Bauchi, shi ya sa sunaye ke maimaituwa. Lambar soja ita ce mabuɗi. Duk gidan da ke da tsohuwar takarda ko lambar yabo a ƙasan adaka, kada a yar, a duba lambar da ke jiki. A 2021 hukumar da kanta ta amsa cewa a Yaƙin Duniya na Farko aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko kuma ba a yi musu alamar komai ba. In masu littafi sun manta da mu, mu bai kamata mu manta da kanmu ba.

Darasin da ya shafe mu kai tsaye

Jama'a, mu duba sahunmu. Wannan daga Kano, wancan daga Gusau, wancan daga Maraɗi. Da safe muna Wunti da Muda Lawal, jibi wani yana hanyar Legas ko Onica da kaya. Mu ma matafiya ne, kuma zazzaɓi ba ya tambayar mutum garinsu. Sau nawa aka kawo gawa ƙofar masallacin nan muna ta kiran waya muna neman wanda ya san danginsa? Sunan da muka san shi da shi na kasuwa ne, mai albasa ko mai taya, ba mu san sunan ubansa ba.

Ku tuna matar wancan soja. Shekaru ta yi ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, matar wanda ya ɓata takan kai ƙara wurin hukuma, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Dubi wahalar da rashin labari kaɗai ke jawowa. Mutum ɗaya da ya isar da saƙo ya sauke wa gida guda wannan nauyi.

Sai bashi. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Mu 'yan kasuwa wannan ya kamata ya hana mu barci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Amma yawancinmu cinikin dubban ɗaruruwa muke yi da baki, in mutum ya faɗi sai magada su rasa wa ke binsa, wa yake bi.

Saboda haka kwamiti ya tsayar da abu uku, daga yau:

1. An buɗe littafi a ofishin sakatare. Kowane magidanci ya zo bayan sallar Juma'a ko bayan La'asar ya rubuta cikakken sunansa, da na mahaifinsa, da garinsu da unguwa, da lambar mutum biyu na gida. Iyaye mata su aiko ta hannun mazajensu ko 'ya'yansu. Yaran shago da almajiran da ke hannunku ma a rubuta su. Ba a buɗe littafin ga kowa sai in larura ta taso.

2. Duk wanda ya ji ɗan'uwa ya kwanta ciwo, a gida ko a asibiti ko a kan hanya, ya sanar da liman ko ladan a ranar. Kada a jira sai an ce ya cika.

3. Gidan da ke da kaka ko uba da ya tafi Burma, ko wani yaƙi, ko aikin kwantar da tarzoma a Laberiya da Saliyo, bai dawo ba, ya kawo sunan da duk takardar da ta rage. Matasanmu masu waya za su taya dubawa a rajista.

Allah Ya jiƙan wannan bawa nasa da duk Musulmin da ƙasar baƙunci ta rufe, Ya sa ciwon da suka sha ya zama kaffara. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da matafiyanmu gida lafiya, Ya tsare sojojinmu da ke bakin aiki yau. In tamu ta zo, a gida ko a daji, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Sakataren Masallaci
A madadin Kwamiti