Abincin Maijego da Cikin Jariri

Rabi ta yi haihuwar fari, tana wankan jego a gidan iyayenta. Inna ba ta yi wasa da cikin 'yarta ba. Da safe kunu da shayi mai kauri da madarar gari, da rana fura da kindirmo, da dare tuwo yana ninƙaya cikin man shanu. Nono ya kawo, yaro yana sha yana ƙiba.

Saura kwana kaɗan arba'in, Rabi ta ga wani abu a tsumman yaron: kashi da majina, da ɗan jini siriri kamar zaren ɗinki. Kumatunsa sun yi ja sun bushe. Da ya gama shan mama sai ya yi ta miƙa yana kuka.

Kafin la'asar gidan ya cika da masu ba da shawara. Wata ta ce nonon ne ya lalace, a koma madarar gwangwani. Wata ta ce a hana Rabi ƙwai, wata gyaɗa, wata wake, wata yaji. Da an bi su duka, da gayan tuwo kaɗai zai rage wa Rabi.

Washegari Inna ta saɓa jikanta suka tafi asibitin unguwa. Ma'aikaciyar lafiya ta auna nauyinsa, ta duba katinsa, ta ga yana ƙaruwa. Babu zazzaɓi. Ta duba kan maman Rabi ko ya tsage, don wani lokaci jinin uwa jariri ke haɗiyewa ya fito a kashi. Ta duba duburar yaron ko da tsaga. Duk lafiya. Sannan ta ce, "Maijego, me kike ci tun safe har dare?"

Rabi ta sunkuyar da kai, Inna ce ta lissafa.

"Inna, nonon 'yarki lafiyarsa lau," in ji Malama. "Ina zaton na saniya ne bai karɓi yaron ba."

Inna ta riƙe haɓa. "Malama, ai shi bai taɓa sha ba."

"Uwarsa ta sha masa."

Ga yadda abin yake. Ɗan kaɗan daga sinadarin gina jiki da ke cikin abincin uwa yana ratsawa ya shiga nononta. Yawancin jarirai ba ruwansu da wannan. Amma akwai 'yan ƙalilan da jikinsu ke ɗaukar wannan sinadari tamkar abokin gaba, sai hanji ko fata su yi bori. A cikin jariran da ke shan nonon uwa zalla, waɗanda madarar shanu ke yi wa haka ba su kai 1 cikin 100 ba. Duk da haka ita ce kan gaba wajen jawo wannan matsala. Ƙwai, waken suya, alkama da gyaɗa suna biye daga baya.

Hausa ta haɗa na uwa da na saniya a suna ɗaya, duk nono, shi ya sa sai an yi hankali da maganar. Wanda za a ajiye na saniya ne. Shawarar madarar gwangwani kuwa ita ce mafi muni cikin duk waɗanda aka bayar, domin yawancinta da madarar shanu ake yi. An gudu ke nan ba a tsira ba. Na akuya da na tunkiya ma kusan ɗaya suke da na saniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba sai an ƙara ba, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Yaron Rabi bai fita daga wannan ba.

Malama ta ce a cire abu ɗaya tak: madara da duk danginta, wato nono, kindirmo, man shanu, cuku, yogot, madarar shayi, da biskit ko burodin da aka kwaɓa da madara. A yi haka mako 2 zuwa 4. Jinin kashi yakan ɗauke cikin 'yan kwanaki, fata takan ɗan jima. Idan aka cire abu biyar a lokaci ɗaya yaro ya warke, wa zai san mai laifin? Uwa kawai aka ramar, alhali mai shayarwa ta fi sauran mata bukatar abinci.

Abin da aka cire kuma a cike gurbinsa. Madara tana ba da sinadarin ƙarfafa ƙashi, to a nemo shi a zogale, miyar kuka, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya. Fura ba ta haramta ba: a dama ta a gida da ruwa da garin 'ya'yan kuka. Kunun kanwa dai kada a ƙara shi wai don cike gurbi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar masu jego.

Kuka kaɗai ba hujja ba ne. Jarirai da yawa kukansu yakan tsananta wajen mako 6, ya lafa da kansa a wata 3 zuwa 4, kome uwa ta ci. Sai dai mai yawan goro da shayi ta rage, don suna hana jariri barci.

Akwai alamun da ba a jiran gwajin abinci a kansu. Kumburin leɓe ko fuska, numfashi da ƙyar, zazzaɓi, jini mai yawa a kashi, koren amai, ƙin kama mama, jiki ya saki, ko nauyi ya tsaya: waɗannan sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Rabi tana zuwa ajin yaƙi da jahilci kafin cikinta ya tsufa, don haka Malama ta ce ta riƙa rubuta abin da ta ci da abin da ta gani. Ta ware shafi a bayan littafinta. Rana ta 2 ta rubuta, "Fura da kuka. Jini kaɗan." Rana ta 5, "Babu jini." A mako na 3 kumatu suka yi sumul.

Inna ta ce shi ke nan, an rabu da nonon saniya. Malama ta ce da saura, sai an mayar an gani, domin wataƙila lokacin warkewar ne kawai ya zo. Da ba a ga sauƙi ba bayan mako 4, da sai a ce madara ba ta da laifi, Rabi ta koma shan abinta a nemi dalili a wani wuri. Rabi ta sha kindirmo kwana biyu. A na uku zaren jinin ya dawo.

"To, yanzu mun sani," in ji Malama. "Ki ajiye madarar. Yawancin irinsa suna rabuwa da wannan wajen shekara 1. Kafin nan ki riƙa kawo shi awo, ki zo mini da littafin."