Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A darasinmu na wannan wata za mu duba labarin waɗansu ɗalibai da suka ba da kansu domin su auna ruwan sha na gidajen mutane. Abin ya faru a Flint, wani gari na jihar Mishigan a ƙasar Amurka. Garin yana bakin Kogin Flint, mutanensa kuwa wajen 100,000 ne a lokacin.

Dā garin yana sayen ruwa daga birnin Detroit. A watan Afrilu na 2014 hukuma ta bar wannan ruwa, ta soma jawo na kogi, domin a rage kashe kuɗi. Ba a daɗe ba mutane suka fara kuka, suna cewa ruwan ya sāke launi, yana wari. A watan Oktoba na shekarar nan kamfanin General Motors ya daina aiki da shi a wata ma'aikatarsa, gama yana sa ƙarafan inji tsatsa. Duk da haka aka ci gaba da gaya wa jama'a ruwan ba shi da laifi.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Yawancin tsofaffin gidaje da bututun dalma ake kai musu ruwa. A ruwan Detroit akan zuba wani magani mai yi wa bututu rufi daga ciki, don kada ruwa ya taɓa dalma. A ruwan kogi ba a zuba maganin nan ba, ga shi kuma ya fi cin ƙarfe. Sai rufin ya zagwanye, dalma ta shiga ruwa. Dalma kuwa dafi ce. In ta shiga jikin yaro takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage masa fahimi, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa.

A 2015 wata uwa ta Flint ta aika da ruwan gidanta wurin Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech. Da ya ga yawan dalmar da ke ciki, sai shi da ɗalibansa suka ɗauki aikin bisa kansu, ko da yake garinsu yana da nisan ɗaruruwan mil daga Flint. A watan Agusta suka shirya ƙunshi 300 na kwalabe, mutanen garin da kansu suka rarraba gida gida. Aka ce kowa ya bar famfo a rufe sa'a 6, kāna ya cika kwalba ta fari da ruwan da ya fara fitowa, sauran biyu kuma bayan ya ɗan zuba. Dalili ke nan: ruwan da ya kwana cikin bututu shi ya fi kwasar dalma.

Suka auna ruwan gida 252. Bisa ga dokar Amurka ta lokacin, in fiye da gida ɗaya cikin goma ya wuce kashi 15 na dalma cikin kashi miliyan dubu na ruwa, wajib ne hukuma ta tashi tsaye. Ɗalibai suka iske gida ɗaya cikin goma ya kai kashi 25 ko fiye. Da suka bayyana wannan a watan Satumba, waɗansu ma'aikatan hukuma suka musa. Amma a watan nan wata likitar yara, Dokta Mona Hanna-Attisha, ta nuna cewa yaran da dalma ta yi yawa a jininsu sun ƙaru tun da aka sāke ruwa. A watan Oktoba aka mayar da garin kan ruwan Detroit.

To, sai mu lura da abu uku. Na fari, ido ba ya ganin dalma. Ruwa yana iya zama garau, ba wari, ba ɗanɗano, ga dafi a ciki. Na biyu, a inda ake sha a nan ake aunawa. Ruwan nan ya bar ma'aikata ba dalma, a hanya ya kwaso ta. Haka ruwan rijiya mai kyau yakan ɓaci a guga ko a randa. Na uku, tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fid da dalma. Maganinta sai a kawar da tushenta, ko a tace da matata da aka yi musamman dominta.

Mu ma mun san wannan dafi. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Saboda haka kada mu niƙa ko mu wanke irin duwatsun nan kusa da rijiya, kada kuma mu ajiye ruwan sha a tsohon gwangwanin fenti. In ruwan unguwa ya sāke, mu haɗa kai mu nemi ma'aikatan lafiya su auna shi.

Tambayoyi:
1. Ta yaya dalma ta shiga ruwan Flint?
2. Don me aka ce a bar famfo a rufe sa'a 6?
3. Daga rijiya zuwa moɗa, a ina ruwan gidanmu zai iya ɓaci?